Marayan da Dogo Ya Ɗauka

Tsafe,
9 ga Agusta, 1998

Zuwa ga Dogo,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da maigidanka da abokan aikinka. Mu nan lafiya lau, sai dai ƙafata ta hagu da ke tashi duk lokacin da hadari ya haɗo. Ruwa ya wadata bana, gero ya fitar da kai, baffanka Bello ya gama maimai a gonar marigayi mahaifinka ba tare da ya ga ƙeyarka ba.

Abin takaici ne a ce sai na ɗauki biro kafin in yi magana da kai. Tsafe da Gusau ba wata uwa duniya ba ce. Ni da ban taɓa kiran sunanka ba saboda kai ne na fari, yau ga ni ina rubuta shi ɓaro-ɓaro a bayan ambulan ina miƙa wa Sama'ila direba.

Jiya na dawo daga Bungudu, na je duba matarka. Suwaiba ta yi nauyi ƙwarai, ƙafafunta sun kumbura. Tun da aka kai ta gidan iyayenta goyon ciki, sau ɗaya ka leƙa, shi ma a tsaye. Mahaifinta Malam Bawa ya tambaye ni ko lafiya kake. Na ce aiki ne. Ya ce, "Allah shi taimaka," ya sunkuyar da kai. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na tambayi Sama'ila wane irin aiki ne wannan. Ya ce duk sanda ya shigo shagonku a Sabon Gari, in dai ba ka buga wa wani takarda, to kana gaban kwamfuta ka ƙura mata ido, in ya yi magana sai ka ɗaga masa hannu ka ce kana karanta labarin jama'a. Wace jama'a? Na san Linuks ɗin nan ce da ka cika mana kunne da ita da Babbar Sallah, har tuwonka ya huce. Ka san wanda ya yi tari a Jamus, ka san wanda ya yi fushi a Amurka, amma ba ka san kakar Suwaiba ta kwanta asibiti ba. Na yi sakandare, ban jahilci boko ba. Amma bokon da muka yi bai hana mu gaishe da surukai ba.

Kuma ka daina aiko mini da wasiƙa bugun inji kamar sammaci. Hannunka bai karye ba.

Watan Suwaiba ya kusa tsayawa. Ka shirya, ka je ka gaishe su kafin lokaci ya yi.

Mahaifiyarka,
Yelwa

*

Sabon Gari, Gusau
16 ga Agusta, 1998

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da girmamawa, yaya ƙafa? Allah ya ƙara sauƙi. A gaishe da Baffa, a ba shi haƙuri.

Inna, ki gafarce ni, wannan ma da inji na buga, akwai dalili, zan nuna miki in na zo. Wahalar man fetur ce ta hana ni motsi, ga maigida ya yi tafiya ya bar mini shago. Zan je Bungudu da zarar ya dawo. Bisa lissafina akwai sauran lokaci.

Ina da albishir. Kin tuna jama'armu ta Linux da nake bin labarinsu duk Asabar idan layin waya ya samu. A sanarwar makon jiya an fitar da sunayen marayu, waɗanda masu riƙonsu suka sake su. Akwai guda ɗaya a ciki da ya shafe mu mu Hausawa. Wani Bature malamin makaranta a ƙasar Holan ne ya riƙe shi shekaru, yanzu ya ce ya gaji. An yi ta cigiya, ba wanda ya ɗaga hannu. Sai na rubuta na ce ni zan riƙe shi, kuma an amince mini! Ni ne na farko daga wannan yanki namu. Yana cike da ƙwari, don an daɗe ba a kula da shi ba, dole in zauna a kansa kwanakin nan. Ki sa ni a addu'a.

Ɗanki,
Sabiru

*

Tsafe,
28 ga Agusta, 1998

Zuwa ga Dogo,

Assalamu alaikum. Lafiya muke, ƙafa da sauƙi. Barka, barka! Suwaiba ta sauka jiya Alhamis da hantsi, namiji, ita da shi duk lafiya. Na ga maigidan nawa, kunnuwanka ne sak, Allah ya sa bai ɗauko taurinsu ba. An jira ka don huɗuba, baffanka ya ce a ƙara jira. Suna Alhamis mai zuwa a Bungudu. Ka zo tun Talata, da goro da dabino, rago kuma baffanka ya riga ya kama.

Yanzu maganar wasiƙarka. Na karanta ta sau uku. Da farko raina ya ɓaci, na ce yaron da bai iya kula da matarsa ba shi ne zai kwaso ɗan wani. Amma da na yi salla na natsu, sai na ga ban kyauta maka ba. Ashe Linuks ɗin nan ƙungiyar taimako ce. Da ka faɗa mini haka tun farko da ban yi ta faɗa ba. Riƙon maraya ba ƙaramin abu ba ne a wurin Allah, kai ma ka san matsayin mai yin sa. Kai kanka ba ka wuce shekara goma sha biyu ba mahaifinka ya rasu. Na yi hawaye, ban ɓoye maka ba.

Sai dai ka yi abin a gaggauce, kamar yadda ka saba. Ɗan waye? Bahaushe ne da aka tafi da iyayensa can suka mutu? Shekarunsa nawa? An yi masa kaciya? Ya iya salla, ko Baturen nan ya bar shi haka? Wa ya kawo shi Gusau, kuma wa ke dafa masa abinci alhali gidanka ba mace? Kuma ka shawarci Suwaiba? Ita ce za ta yi wankin da dahuwar, ba kai ba.

Batun ƙwari kuwa, tir da wannan Bature. Mutum ya riƙe yaro har ƙwarƙwata ta cinye shi, sannan ya ce ya gaji! Ga sabulun salo da man darbejiya na ba Sama'ila. A aske masa kai ƙwal, a tafasa kayansa, a shanya tabarmarsa a rana. Na sa tela ya ɗinka riga biyu daga shaddar mahaifinka da na ajiye, na ƙiyasta ɗan shekara shida, in ta yi masa yawa zai girma a ciki.

Na sanar da mutanen Bungudu don su san abin da ya riƙe ka. Ka zo da shi wurin suna, ya ga danginsa.

Mahaifiyarka,
Yelwa

*

Tsafe,
5 ga Satumba, 1998

Dogo,

Sallama dai, don ita wajibi ce. Mai jego lafiya, jariri lafiya. Ni ba zan ce ina lafiya ba.

An yi suna shekaranjiya. Sunan ɗanka Nura. Ba kai ka zaɓa ba, ba kai ka raɗa masa a kunne ba. Baffanka ne ya yi huɗuba da ya ga kwana na ƙurewa, shi ya tsaya a ƙofar gidan Malam Bawa yana karɓar barka kamar shi ya haifa. Liman ya tambaya, "Ina uban yaro?" Sau biyu ya tambaya. Maza suka yi ta kallon hanyar Gusau, duk motar da ta tsaya sai a miƙe. Har aka yanka rago, aka watse.

Sama'ila ya rantse ya kai wasiƙata da sabulu shagonku, ya tarar ba ka nan, ya bar wa maigidanka. Aka ce ka yi tafiya. Ina ka tafi, matarka na kan gwiwa?

To, ka ji abin da ka jawo. A cikin gida, mata sun cika tsakar gida, sai Hasana, ƙanwar uwar Suwaiba, ta ɗaga murya don in ji. Ta ce, "Mu dai ba mu taɓa jin maraya ya taso daga Turai ya sauka Sabon Gari ba. Sabon Gari dai mun san abin da ke sauka cikinta." Wata ta ce, "Wataƙila marayan yana da kunnuwa irin na jaririnmu." Aka kwashe da dariya. Suwaiba tana ɗaki tana ji.

Na miƙe da ƙafar nan tawa mai ciwo. Na ce, "Hasana, ɗana bai iya zumunci ba, na yarda. Amma ba mazinaci ba ne. Maraya ya ɗauka don Allah, kuma duk wadda ta ƙara jifansa da wannan magana, ni da ita sai gaban alƙali." Na fito ban ci abincin suna ba.

Na tsaya maka a gaban mutane da sunana da mutuncina. Amma a mota ina dawowa, ni kaina sai da zuciyata ta fara tambayata. Ka dubi inda ka kai ni.

Malam Bawa ya aiko baffanka da saƙo. Ya ce Suwaiba ba za ta koma gidanka ba, ko an yi arba'in, sai ka kawo yaron nan zaurensa ya gan shi da idonsa, ka faɗi ɗan waye a gaban dattawa. In ba haka ba, ka aiko mata da takardarta. Wannan ita ce maganar, ba ragi.

Ka amsa mini da gaskiya, ko da mai ɗaci ce.

Yelwa

*

Gusau,
9 ga Satumba, 1998

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Inna, da hannuna nake rubuta wannan. Jiya na dawo na tarar da wasiƙunki biyu da ƙunshin sabulu a kan teburina. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ban san Suwaiba ta sauka ba, wallahi ban sani ba. Na ɗauka sai tsakiyar wannan wata.

Inna, babu yaro. Babu wani yaro ko kaɗan, na halak ko na haram. Ki yi haƙuri ki karanta har ƙarshe.

Linux ba ƙungiyar taimako ba ce. Ita ce abin da ke tafiyar da kwamfuta, kuma ba kamfani ke yin irin wadda muke amfani da ita ba, jama'a ne a ƙasashe daban-daban, kowa ya riƙe ɗan guntu yana kula da shi kyauta. Kowane guntu furogiram ne. Idan mai kula da wani guntu ya gaji ya saki, a bakinmu sai a ce guntun ya zama maraya. Wanda ya karɓa kuma a ce ya ɗauki riƙonsa. Ƙwari kuma kurakurai ne da ke cikin furogiram. Na saba da kalmomin har na manta ba kowa ya san su ba. Laifina ne.

Wanda na karɓa shi ne ke sa kwamfuta ta iya rubuta haruffanmu masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ. Ba don shi ba, ƙasa da kasa duk ɗaya ne a takarda. Abin da na so in nuna miki ke nan a wasiƙun da nake bugawa. Jama'ar suna shirin fitar da sabon faifai, kuma sun sa ranar rufe ƙofa: duk guntun da ba a gyara ba kafin ranar, za a cire shi. Layin wayar shagonmu ya mutu, shi ya sa na tafi Zariya wurin abokina Salisu, inda layi ke da kyau. Na ce kwana uku zan yi, gyaran ya ƙi ƙarewa. Amma an karɓa, Inna, ya shiga. Har wani malami daga Yamai ya rubuto yana godiya.

Na san wannan ba hujja ba ce. Ina roƙonki ki je Bungudu ki yi wa Baba Malam Bawa bayani, ke za su saurara. Ni ban san da wane ido zan dube su ba. Yaya Nura? Da wa ya yi kama ban da kunnen?

Ɗanki mai neman gafara,
Sabiru

*

Tsafe,
12 ga Satumba, 1998

Dogo,

Wa alaikumus salam. Muna nan yadda ka bar mu. An fara yankan gero.

Na karanta. Na ajiye takardar, na wanke hannuna, na sake ɗauka na karanta. Ban taɓa jin ƙyamar wani abu da ya fito daga hannunka kamar wannan ba.

Da ka ce mini shege ka yi, da na yi kuka, na yi maka faɗa, na karɓi yaron na raine shi, don shi bai yi laifi ba. Da maraya ne na gaskiya, da na tsaya maka har gaban alƙali kamar yadda na faɗa. Amma furogiram! Na yanka shaddar mahaifinka saboda furogiram. Na yi hawaye a kan sallaya saboda furogiram. Na yi wa Hasana barazana a gidan surukai, ranar sunan jikana, saboda abin da ba ya numfashi.

Kuma wane irin mutane ne waɗannan da suka rasa sunan da za su sa wa tarkacensu sai maraya? Sun taɓa ganin maraya kuwa? Sun taɓa ganin yaro ya tsaya a bakin ƙofa ranar Sallah yana kallon 'ya'yan wasu riƙe da hannun ubanninsu? Kai ka taɓa, don ni na ja ka na mayar da kai ɗaki. Kai ne ya kamata ka fi kowa jin nauyin kalmar nan a bakinka, sai ga shi kana wasa da ita har da alamar motsin rai.

Malamin Yamai ya gode maka. Madalla. Matarka ta yi naƙuda tana tambayar ko an gan ka a tasha. Ka san ranar da Turawa za su rufe ƙofarsu, ka kiyaye ta, ka bar gari dominta. Ranar matarka kuwa lissafi ka yi da ka, ka ce akwai saura. Kowace Asabar kana neman labarin mutanen da ba ka taɓa gani ba, ba ka taɓa tsayar da Asabar ɗaya ka nemi labarin Bungudu ba. Maganar haruffa na ji ta, kuma ban ce banza ba ce, ni ma na sha gyara wa yara ƙugiyar ƙ a allo lokacin da nake koyarwa. Amma ban taɓa barin ka da zazzaɓi na tafi gyaran ƙugiya ba.

Ba zan je Bungudu in yi maka bayani ba. Na yi magana sau ɗaya a madadinka, na ga abin da ta haifar. Malam Bawa ya ce ka kawo marayan ya gani. To ka kai masa. Ko a aljihu yake shiga, ka sa shi a aljihu ka kai. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci za ka same shi a zaure. Baffanka zai raka ka. Kada ka ƙara gishiri, kada ka rage. Ka faɗa musu abin da ka faɗa mini, ka tsaya ka ji abin da za su ce.

Sabulun kuma ka yi wanka da shi.

Yelwa

*

Gusau,
20 ga Satumba, 1998

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina fatan ƙafa ta lafa. Na je, kamar yadda kika ce. Baffa zai ba ki labari, amma gara ki ji daga gare ni.

Mun tarar da Baba Malam Bawa a zaure da ƙannensa biyu. Bayan gaisuwa ya dubi bayana, ya ce, "Ina yaron?"

Na ciro faifan kwamfutar da furogiram ɗin ke ciki daga aljihu, ɗan baƙin nan mai kusurwa huɗu da bai kai tafin hannu ba, na ajiye a gabansa a kan buzu. Na ce, "Ga shi, Baba."

Ya ɗauka, ya juya shi, ya kai kunne ya girgiza. Ya ce, "Wanga?"

Na ce, "Shi ne, Baba." Na yi bayani tun daga farko, na nuna musu takarda mai haruffan.

Ya ce, "Shina cin tuwo?"

Na ce a'a.

"Shina kuka da dare?"

Na ce a'a. Ƙaninsa ɗaya ya toshe baki da hannun riga, kafaɗunsa na rawa. Baffa ya ƙura wa ƙasa ido.

Baba bai yi dariya ba. Ya ce in sake faɗa masa yadda ake yi in mutum ya gaji da riƙo. Na ce sai ya rubuta wa jama'a ya ce ya kasa, wani ya ɗauka. Ya gyaɗa kai, ya ce, "Ashe mutanen naku suna da kunya. Wanda ya kasa, shi hito shi hwaɗi. To kai ma haka za ka yi muna. In ka kasa riƙon ɗiyata, ka hwaɗi nan gaban baffanka, ba mu jin haushi. Amma ba ka aje ta kamar kaya a tasha ba, ba ka riƙe ba, ba ka saki ba."

Na ce ban kasa ba. Ya ce, "Baki ya hwaɗi. Sai mu gani." Ya miƙo mini faifan da yatsa biyu. Ya ce zancen zargi ya mutu, zai kira Hasana da kansa. Amma zancen komawa bai ce komai ba, da Baffa ya taɓo shi sai ya ce rana ta yi.

An bar ni na shiga ciki. Na ɗauki Nura. Ban san haka jarirai suke da rashin nauyi ba. Suwaiba tana zaune a bakin gado, ba ta dube ni ba. Na gaishe ta, na ba ta haƙuri, na yi ta magana. Da na gama sai ta ce, "Sannu da zuwa, baban maraya." Ta karɓi yaron ta juya mini baya.

Na yanke shawara. Na riga na rubuta sanarwar cewa na saki furogiram ɗin, ya koma maraya, duk mai so ya ɗauka. Na san ba wanda zai ɗauka, a faifai na gaba za a cire shi. Ranar Asabar in layi ya dawo zan aika, sannan in cire sunana daga masu karɓar labarin jama'ar gaba ɗaya. Ki sanar da Baba haka. Ina fatan wannan zai wanke ni a wurinki.

Ɗanki,
Sabiru

*

Tsafe,
24 ga Satumba, 1998

Zuwa ga Dogo,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau, alhamdu lillahi. An ɗaure gero, baffanka ya ce ya fi na bara. Na ba Sama'ila wannan tun da sassafe, na ce ya sa ta a hannunka, ba a tebur ba, don ta riga Asabar.

Ka yaga sanarwar nan.

Wa ya ce maka ka saki? Ka nemo wasiƙuna ka duba, a ina na rubuta haka? Har yanzu ba ka fahimci abin da ya ɓata mini rai ba, kuma wannan ya fi komai ba ni haushi. Ka tsaya a gaban mutane ka ce za ka riƙe abu, ba wanda ya tilasta ka. Suka yarda da kai. Ko wata biyu ba a yi ba, ka ji zafi, sai ka jefar ka gudu, kuma kana so in yaba maka. Haka ka yi wa Suwaiba: sabon abu ya zo, ka ajiye ta. Yanzu ita ce ke ƙona ka, sai ka ajiye wancan. Hali ɗaya ne, Dogo, ka juya masa riga ne kawai. In na kai wa Malam Bawa labarin cewa surukinsa ya iya saki da sauri haka, kana tsammanin hankalinsa zai kwanta?

Har gobe ina ƙyamar sunan da kuke kiran abin nan, kuma kada ka ƙara furta shi a gabana da wannan ma'ana. Amma alkawari ne ka ɗauka, ko da wa ka ɗauka. Mahaifinka yana noma, yana ɗinki, yana limancin unguwa, ban taɓa jin ya ce sai ya bar ɗaya kafin ya san ko mun ci abinci ba. Asabar ta ishe ka jin labarin mutanenka na waya. Sauran kwanakin na masu numfashi ne. In sun sake sa ranar rufe ƙofa ta faɗo kan lalurar gidanka, ka rubuta musu ka ce kana da iyali. In mutanen kirki ne za su gane. In ba su gane ba, a lokacin ka zo mu yi maganar saki.

Na je Bungudu jiya. Ban je roƙo ba, na je ganin maigidana, ya fara murmushi cikin barci. Hasana ta gaishe ni har ƙasa, ni ma na ba ta haƙuri kan zancen alƙali, don ko ba ta yi daidai ba, ni ma a kan iska na tsaya. Malam Bawa bai sauko ba. Ya ce shi bai ga abin da zai sa ya mayar da 'yarsa ba tukuna. Suwaiba ce ta aiko uwarta ta gaya masa za ta koma in an yi arba'in. Ta ce ba don ta huce ba, tana so ne ta gani da idonta ko za ka iya. Sai ya ce ba zai hana ta ba, amma ba za ta tafi ita kaɗai ba.

Na ce masa ba ita kaɗai za ta tafi ba. Ni zan raka ta.

Saboda haka ka share gidan, ka kwashe kwalaye da wayoyin da aka ce ka tara a ɗakinta, ka gyara ɗan ɗakin da ke kusa da madafa, ka sa tabarma da buta. Ka zo Bungudu da kanka ka ɗauke mu mu uku. Na ba baffanka makullin gidana da awakina.

Ban sa ranar komawa Tsafe ba.

Mahaifiyarka,
Yelwa